Gurbin da Ya Rage Bayan Fiziks, Kemistiri da Bayoloji

Yaron da ya gama JSS3 ya faɗa ajin kimiyya a Najeriya, kafin ma ya zauna a benci an riga an yanke masa mafi yawan abin da zai karanta. Turanci da Lissafi babu mai tsallake su. Fiziks da Kemistiri da Bayoloji su ne suka mai da ajin na kimiyya. Manhajar da hukumar NERDC ta shigo da ita a 2011 ta ƙara darasin zama ɗan ƙasa nagari, wanda yara ke kira Sibik, da darasin sana'a guda ɗaya. Bakwai ke nan. Ita kuwa WAEC ba ta yi wa ɗalibi rajistar ƙasa da darasi takwas, ba ta kuma bari ya wuce tara. Abin da ya rage a hannun yaro gurbi biyu ne. Sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 ta mai da darussan dole guda biyar: Turanci, Lissafi, darasin ɗan ƙasa da tarihi, fasahar zamani ta kwamfuta, da sana'a ɗaya. Wanda ya ɗora kimiyya uku a kan waɗannan, gurbi ɗaya tak ya rage masa.

Wannan gurbi, ko ɗaya ne ko biyu, nan ne kaɗai yaro da iyayensa ke da ta cewa a cikin shekara uku na babbar sakandare, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A makon farko na SS1 malamin aji zai shigo da takarda a hannu, ya tsaya a gaban allo ya ce, "Masu Agirik su ɗaga hannu." Hannuwa su tashi. "Masu Jogurafi fa?" Yaro ya waiwaya ya ga ko abokinsa ya ɗaga, in ya ɗaga shi ma ya ɗaga. Daga baya wani ya ce, "Malam, wanne ya fi sauƙin ci?" Malam ya faɗi wanda yake ganin ya fi sauƙi, rabin aji su koma can. Kafin a kaɗa ƙararrawa an rufe takarda an kai ofishin mataimakin shugaban makaranta. A gida kuwa abin da uba ya sani shi ne ɗansa yana ajin sayans, likita zai zama in Allah ya yarda. Ba a tambayi yaron me ya ɗauka ba, shi ma bai ga abin faɗa a ciki ba.

Ina ganin wannan sakaci yana cin yaranmu fiye da yadda muke zato, kuma dalilin yana cikin yadda ake shiga jami'a. Ƙofa biyu ce a jere. Ta farko sakamakon sakandare, na WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS: kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6, a darussan da suka shafi kwas ɗin da ake nema, a zama ɗaya ko biyu. Ta biyu jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978: darasi huɗu, Turanci dole da tambaya 60, sauran uku 40 kowanne, jimillar maki 400. Kowane kwas da nasa haɗin darussan. Likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya da kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje suna son Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Injiniyanci yana son Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Kimiyyar kwamfuta tana son Lissafi da Fiziks, sannan ɗaya daga cikin Kemistiri, Bayoloji, Aikin Gona, Tattalin Arziki ko Labarin Ƙasa. Duk wannan a rubuce yake cikin kundin JAMB da ke intanet kyauta, tare da sharaɗin da kowace jami'a ta ƙara nata, domin abin da Jami'ar Bayero ta karɓa ba lallai ne Jami'ar Ahmadu Bello ta karɓa ba. Matsalar ita ce yawancin yara ba sa buɗe kundin nan sai a SS3, lokacin da alƙalami ya riga ya bushe.

Abu na farko da ke fitowa daga wannan lissafi shi ne kimiyya ukun nan ba a taɓa su. Akwai makarantun da ke barin yaro ya ajiye Bayoloji ya ɗauki Aikin Gona a madadinsa, wasu yaran kuma tsoron Fiziks ke sa su zame. Wanda ya ajiye Bayoloji ya rufe wa kansa likitanci da jinya da haɗa magunguna tun yana ɗan shekara 14. Wanda ya ajiye Fiziks ya rufe waɗannan, ya haɗa da injiniyanci da zanen gine-gine. Ko da yaro ya rantse cewa injiniya zai zama, a bar masa Bayoloji. Zuciyar ɗan shekara 14 ba ita ce ta ɗan shekara 17 ba. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Inda maganar take da nauyi shi ne abin da za a ɗora a kai. Kowa likita yake so, amma ƙofar likitanci ƙarama ce, kuma da gangan aka ƙanƙanta ta. Hukumar MDCN mai kula da likitoci ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. A 2025 ɗalibai fiye da miliyan 1.9 suka zauna UTME. Ko da duk 'yan ajin kimiyya sun ci maki mai kyau, kujerun ba za su ƙaru ba. Ma'ana mafi yawan yaran da suka shiga SS1 da burin likitanci wani abu dabam za su karanta. Wannan ba gazawa ba ce, lissafi ne kawai. Tambayar da ya kamata a yi tun farko ita ce: idan ƙofar farko ba ta buɗe ba, wace ce ta biyu, kuma yaron yana riƙe da mabuɗinta?

Duk wanda ya zauna a cibiyar rajistar JAMB a watan Fabrairu ya ga irin abin da nake nufi. Yarinya ta zo da mahaifinta karo na biyu, bara ta nemi likitanci ba ta samu ba, bana ta ce tattalin arziki take so, domin tana da ƙarfi a lissafi. Mai rajista ya karɓi takardar sakamakonta ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa. "Ƙanwata, ba ki yi Ikonomiks ba?" Ta ce ba ta yi ba. "To tsara birane fa, kin yi Jogurafi?" Shi ma babu. Abin da ke cikin gurabenta biyu Aikin Gona ne da wani darasi da aka ce mata yana da sauƙi. Mahaifin ya matso da kujera ya ce, "Malam, duba da kyau, ai duk ta ci, har da A." Mai rajista ya ce, "Ta ci, Alhaji, amma ba su ake nema ba." Sakamako mai kyau ne, sai dai bai buɗe komai ba bayan abin da kimiyya uku suka riga suka buɗe.

A nan ne hujjar "darasi mai sauƙi" take rushewa. Jami'o'i da dama suna ba da maki ga sakamakon sakandare wajen tantancewa, amma darussa biyar da suka shafi kwas ɗin suke ƙirgawa. A1 a darasi na tara da bai shafi kwas ba ba ya ƙara ko ɗigo. Saboda haka darasin da za a sa a gurbin nan sai ya yi ɗaya daga cikin aiki biyu: ko dai ya buɗe wata ƙofa da kimiyya uku ba su buɗe ba, ko kuma ya ƙarfafa yaro a kan karatun da zai tarar a jami'a da aikin da zai yi bayanta. Wanda bai yi ko ɗaya ba ɓata gurbi ne.

Darasin da aka fi zalunta a cikinsu, a ganina, shi ne Lissafi Mai Zurfi, wanda yara ke kira Foda Mas. Ba ya cikin darussan UTME, kuma da wuya jami'a ta ce sai da shi, don haka ake ganin wahalar banza ce. To amma a dubi abin da ke jiran ɗalibin injiniyanci ko Fiziks ko kimiyyar kwamfuta a shekarar farko: kalkulas, lissafin bekta, matiris, lissafin motsi da ƙarfi, ƙididdiga. Lissafin gama-gari na sakandare ɗan taɓa wasu daga cikin waɗannan yake yi ya wuce. Foda Mas kuwa shekara uku yake yi yana tisa su. A jami'a malami zai rufe cikin mako uku abin da ɗan Foda Mas ya yi zango guda yana nazari, a ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane, inda na baya ko allon ba ya gani sosai. Wanda ya zo da shi maimaici yake yi. Wanda bai zo da shi ba sabon abu yake koya a guje, ga baƙuncin jami'a, ga neman ɗakin kwana. Da yawa daga cikin darussan da ɗalibai ke faɗuwa su sake ɗauka a shekarar farko da ta biyu, asalin ciwon daga nan yake. Akwai kuma riba ta kusa: yaron da ke yin Foda Mas, Lissafin gama-gari da Fiziks suna yi masa sauƙi, kuma waɗannan biyun suna cikin abin da JAMB ke tambaya. Duk yaron da lissafi ba ya ba shi tsoro, kuma zuciyarsa ta karkata ga injiniyanci ko kwamfuta, gurbinsa na Foda Mas ne, ko da C5 zai samu a ciki.

Ƙanin wannan shi ne Zanen Fasaha, na masu son injiniyanci da zanen gine-gine. Wanda ya saba da allon zane da kamfas tun sakandare ba ya shan wahalar darasin zanen injiniya. Sai dai makarantun da ke koyar da shi kaɗan ne in ba kwalejojin fasaha ba, don haka ga mafi yawan yara maganar ba ta ma taso ba.

Ga wanda bai tsai da zuciyarsa ba, kuma su ne mafi yawa, ban san darasin da ya kai Labarin Ƙasa, wato Jogurafi, riba ba. Ƙafarsa ɗaya a kimiyya take, ɗaya a zamantakewa. Yana buɗe tsara birane da yankuna, da digirin Labarin Ƙasa kansa, yana kuma shiga cikin haɗin darussan da ake karɓa a kimiyyar duwatsu, zanen gine-gine, ƙiyasin kuɗin gini da kimiyyar kwamfuta. Sannan abin da yake koyarwa shi ne ainihin abin da ke damun ƙasarmu. Tafkin Chadi ya janye daga inda yake a shekarun 1960. Hamada tana cin gonaki a Yobe da Jigawa da Katsina da Sakkwato. A Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta fashe, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. A Mayun 2025 aka yi ambaliyar Mokwa. Dausayin Haɗejiya da Nguru ya dogara ne da yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Challawa. Waɗannan duka suna buƙatar mutanen da suka iya karanta taswira, suka san hanyar ruwa da yanayin ƙasa, suka iya aiki da hoton tauraron ɗan Adam. Yaron da ya haɗa Fiziks da Labarin Ƙasa ya kama hanyar zama irin mutumin nan, kuma layin neman gurbi a waɗannan kwasa-kwasai bai kai tsawon na likitanci ba a idon duk wanda ya taɓa leƙa harabar jami'a lokacin tantancewa.

Tattalin Arziki shi ma mabuɗi ne, kuma mafi yawan ƙofofinsa suna wajen kimiyya: digirin tattalin arziki, aikin akanta, harkar kasuwanci, kula da gidaje da filaye. Ɗan ajin kimiyya yana shiga waɗannan da ƙarfinsa, domin tattalin arzikin jami'a lissafi ne da ƙididdiga, abin da ke kayar da waɗanda suka gudo daga lissafi. Kuma ko bai sauya hanya ba, mai haɗa magunguna da zai buɗe kantinsa a Sabon Gari, da injiniyan da zai yi ƙiyasin kwangila, duk za su ci moriyarsa. Idan gurbi biyu ne, Labarin Ƙasa da Tattalin Arziki tare sun fi kowane haɗi faɗaɗa hanya. Idan ɗaya ne, a dubi yaron: mai son fita daji da kallon ƙasa ya ɗauki na farko, mai son lissafin riba da faɗuwa ya ɗauki na biyu.

Aikin Gona yana buƙatar a yi masa adalci, domin shi aka fi ɗauka, shi kuma aka fi rainawa. Ilimi ne na gaske. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ce ta fitar da irin masara iri-iri da manomanmu ke shukawa, da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a 2019. Cibiyar NAPRI ta Shika ta fitar da kazar Shika Brown. Yaron da ya tashi a gona kuma yana son ya karanta noma ko kiwo ko likitancin dabbobi, darasin zai amfane shi ƙwarai. Amma a san wani abu: kwasa-kwasan noma Bayoloji ko Aikin Gona suke nema, ɗaya ya wadatar. Wanda yake da Bayoloji ya riga ya buɗe wannan ƙofa. Sai ka ga yaro da Bayoloji, da Aikin Gona, ga kuma kiwon dabbobi a matsayin darasin sana'a, gurabe uku suna zagaye wuri ɗaya, alhali shi bai taɓa tunanin noma ba. Wanda ya ɗauke shi don so ya yi daidai. Wanda ya ɗauke shi don an ce ba a faɗuwa ya yi asarar gurbi.

Sai harshe. A tsohon tsari harshen Najeriya ɗaya dole ne a babbar sakandare. Manhajar 2011 ta mai da shi zaɓi, 'yan ajin kimiyya kuwa suka fi kowa saurin ajiye shi. Hujjar ita ce ai yaro Bahaushe ne, me za a koya masa? Jin Hausa daban, iya bayani da rubutu da ita daban. Likitan da ya fito daga asibitin koyarwa na Aminu Kano ko na Shika ko na Usmanu Ɗanfodiyo, da Turanci ya yi karatu, amma mafi yawan marasa lafiyar da za su zauna a gabansa da Hausa za su faɗi ciwonsu. Tsohuwar da aka gano tana da ciwon suga, sai an yi mata bayanin abin da za ta ci da abin da za ta bari, da dalilin da ya sa ba a daina magani don an ji sauƙi, cikin maganar da za ta shiga kanta ta zauna. Jami'in gona da zai yi bayanin feshi a rediyo, da injiniyan da zai rubuta gargaɗi a jikin na'ura, duk wannan gwanintar suke buƙata. Mun ga tsadar rashinta. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004, cutar kuwa ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Maganin yana nan tun farko. Abin da ya ɓace yarda ce, kuma da bakin sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya masu iya magana da jama'a aka dawo da ita, har aka kai ga shelar kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a Agustan 2020. Hausa ba za ta buɗe wa ɗan kimiyya sabon kwas mai yawa ba, amma tana cikin darussan da ke sa ilimi ya isa ga masu shi.

Faransanci da Larabci kuwa hanya suke buɗewa ta zahiri. Nijar, Chadi, Kamaru da Benin, duk maƙwabtan Najeriya na tudu, da Faransanci ake yawancin aikin ofis da asibiti a cikinsu, kuma ƙungiyoyin agaji irin su MSF suna aiki a Katsina da Maraɗi a lokaci guda. Ma'aikacin jinya ko injiniyan ruwa da ke jin Hausa da Turanci da Faransanci ba ya rasa mai nemansa. Larabci kuma, dubban yaranmu sun yi karatun likitanci da haɗa magunguna a Sudan da Masar, kamar yadda aka gani lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartoum a Afrilun 2023 aka yi ta kwaso ɗalibai. Ko da lacca da Turanci ake yi, mara lafiya a asibitin can da Larabci zai yi magana.

Darasin Addinin Musulunci, da na Kirista ga ɗalibai Kirista, nan ne iyaye da yawa ba sa son a taɓa, kuma ina ganin girman wannan. Likita Musulmi zai fuskanci tambayar azumin mai ciwon suga, da dashen ƙoda, da tazarar haihuwa, kuma wanda ya san fiƙihu ya fi iya amsawa da natsuwa. Abin da kawai ya kamata a auna shi ne ko yaron yana samun wannan ilimi a Islamiyya ko makarantar zaure fiye da abin da manhajar WAEC ta ƙunsa. Idan yana samu, kuma gurbi ɗaya ne ya rage, ba laifi ba ne a ba wa wani darasi gurbin. Idan makarantar boko ce kaɗai inda yake jin karatun addini, to wannan hujja ce mai ƙarfi ta barin sa.

Akwai ƙofa ɗaya da kusan kowane ɗan ajin kimiyya ke rufewa bai sani ba, ita ce aikin lauya. Mafi yawan jami'o'i suna neman kiredit a Adabin Turanci. Yaron da bakinsa ke da kaifi, yana son muhawara da karatun littafi, amma aka tura shi ajin kimiyya don ya fi kowa ƙoƙari a JSS3, ya kamata a tambaye shi tun da wuri. Mun daɗe muna ɗaukar ajin kimiyya a matsayin ladan ƙoƙari, ajin fasahar magana da zamantakewa kuma wurin ajiye saura. Manufar ilimi ta ƙasa da ta ce a ba kimiyya kashi 60 cikin 100 na guraben jami'a, da kafa makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, an yi su ne don a samu likitoci da injiniyoyi, kuma sun yi aikinsu. Ba a yi su don a raina sauran ilimi ba.

Maƙwabtanmu ba su bar wannan ga ɗaga hannu ba. A Nijar ɗalibin da ya ci jarrabawar BEPC ta ƙarshen ƙaramar sakandare ya bi hanyar kimiyya, ko sashen C mai nauyin lissafi da Fiziks, ko sashen D mai nauyin ilimin halittu, ba ya rabuwa da Faransanci da tarihi da labarin ƙasa, kuma a ajin ƙarshe sai ya yi falsafa kafin ya samu Bak, wato takardar kammala sakandare. Zaɓinsa kaɗan ne, amma tsarin ya hana shi ƙuntata. Ba mamaki a ƙasar da babbar jami'arta ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin Fiziks da hasken rana wanda kuma ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka a 1964. A Ingila kuwa akasin haka ne: yawancin ɗalibai darasi uku kawai suke yi a shekara biyun ƙarshe, don haka kowane ɗaya yana da nauyi, har manyan jami'o'in ƙungiyar Russell suka fitar da jerin darussan da suka fi buɗe ƙofa a 2011, suka kuma janye shi a 2019 bayan an yi kukan cewa yana sa a guje wa darussan fasaha da ƙirƙira. Namu tsarin yana tsakiya: ya fi na Ingila faɗi, ya fi na Nijar ba da zaɓi. Abin da muka rasa shi ne mai zama da yaro ya yi masa bayani.

Darasin sana'a ma zaɓi ne, ko da yake an saba cike shi da duk abin da makaranta ta ga dama. Manhajar 2011 ta jera sana'o'i 34. Ta 2025 ta rage su zuwa shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. Ga mai son injiniyan lantarki, haɗa sola Fiziks ne a aikace, da waya da batir a hannu, kuma sana'a ce da za ta iya biya masa kuɗin rajista a jami'a. Amma sai in an koyar da ita da kayan aiki. Sana'ar da aka koya a kan allo kawai, an haddace ta ne, ba a iya ta ba.

Na san abin da malamin makarantar gwamnati a ƙauye zai ce idan ya karanta wannan: wane zaɓi? Makarantar da malamin Fiziks ɗaya ke riƙe da Lissafi, ina za ta samo mai koyar da Foda Mas ko Faransanci? Gaskiya ne, kuma a makarantun 'yan mata da yawa abin ya fi tsanani. A irin wannan wuri yaro ba ya zaɓen darasi, abin da ya samu yake ɗauka. Akwai hanyoyin gyara daga baya. Ana iya zama jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu a ɗauki darasin da aka rasa, a haɗa sakamako biyu, sai dai wasu jami'o'in ba sa karɓar zama biyu a likitanci. Akwai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, da JUPEB, masu kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, da makarantun share fage irin ta Funtuwa. Amma kowace daga cikinsu kuɗi ce da shekara, kuma ga yarinyar da ake ƙirga mata shekaru a gida, shekara ɗaya tana iya zama ƙarshen karatun.

Sauya darasi a tsakiyar hanya ma ba abu ne mai sauƙi ba, domin makin gwajin aji na shekara uku yana cikin abin da makaranta ke tura wa hukumar jarrabawa. Don haka lokacin magana shi ne hutun da ke tsakanin JSS3 da SS1, ko zangon farko in an makara. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowace makaranta ba: a buga shafukan kundin JAMB na kwasa-kwasan kimiyya, injiniyanci, muhalli da zamantakewa, a kira iyaye rana ɗaya, kowane yaro ya rubuta kwas uku da yake so, na farko da na biyu da na uku, a duba darasin da zai riƙe masa ukun a buɗe. Ƙungiyar iyaye da malamai tana iya ɗaukar nauyin wannan. Makarantu uku ko huɗu da ke gari ɗaya suna iya raba malamin Foda Mas ɗaya, kowace ta samu kwana guda a mako. 'Yan bautar ƙasa da suka karanta injiniyanci ko lissafi ana turo su makarantu duk shekara, sau da yawa a ba su darasin da bai shafi karatunsu ba; shugaban makarantar da ya duba takardunsu kafin ya raba musu aji zai iya buɗe ajin Foda Mas a zangon da suka iso.